Yaro ya iya balo a Damagaram, daga nan kuma sai ina?

Kawun_Yaro_Birni

Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar balo ciki da waje, ni iyakata gidan kallo, Real da Barsa, yadda ake renon yaro har ya zama ɗan wasa ban taɓa shiga ba.

Ɗan yayata ne, shekararshi 14, yana aji katiriyem. Ubanshi na Libiya shekara uku ke nan, to duk abin da ya taso a gidan kaina yake faɗowa. Yaron nan Allah Ya ba shi ƙafar hagu, ba don nawa ne ba, a gasar bakansi ta unguwanni shi ya ja ekip ɗinsu har final, da takalmin roba wanda aka ɗinke ma baki da zaren buhu. Ranar final ɗin bayan an tashi sai wani mutum ya biyo mu har ƙofar gida, waya biyu a hannu, ya dinga nuna mana hotunanshi da wasu turawa a bakin fili mai ciyawa. Wai yana da hanya ta Yamai zuwa Maroko daga can a wuce Turkiyya, a kawo jika 600 na fasfo da biza da tikiti, sannan wai 14 ta yi yawa sai an yi ma yaro sabon jijma, takardar haihuwa ta kotu, ya koma 12 don a fi saurin ɗaukarshi. Tun ranar uwar ba ta da zance sai na saida keken ɗinkinta da ɗaukar adashi, shi kuma gogan ya daina buɗe kaye, wai me zai yi da lissafi.

Ni hankalina bai kwanta ba. Ina jin ana zancen gasar matasa ta ƙasa, su minim da kade da jiniyo, wato rukunin yara bisa shekarunsu, shin wannan hanya ce ta gaskiya da yaro daga nan Damagaram zai bi a gan shi, ko ita ma zance ce ta rediyo? Me take ƙara ma yaro wanda bai samu a filin unguwa? Kuma mutumin nan me zan ce mishi, ya ce jibi zai dawo.

Koci_GarinMalam

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ko dala kar ku ba shi. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro da bai kai 18 ba daga ƙasarshi a kai shi kulob na wata ƙasa, sai da wasu ƴan dalilai ƙalilan kamar a ce iyayenshi sun koma can da zama don wani aiki da bai shafi balo ba. Ɗan 14 daga Birni ko ya isa Turkiyya babu kulob ɗin da zai iya yi mishi lasisi. Kuma kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi ke biyan tikiti, ba uwar yaro ba. In ya dawo jibi ku ce ya kawo takardar gayyata daga kulob ɗin da lasisinshi na wakilin ƴan wasa, ku ce za ku kai ma ligi ta jiha ta duba. Za ka ga wayarshi ta yi ƙara yana da uzuri.

To zancen gasa. Ni sama da shekara goma ina tare da yara a fili, kuma abin da ke ci mini rai ba rashin balo ba ne ko rashin mayo, wasa ne babu. Ka lissafa da kanka, yaron naku wasa nawa na gaskiya ya buga bana, wanda akwai alƙali da layi da minti cikakku? Na bakansi ne kawai, biyar ko shida tunda sun je final. Waɗanda aka fidda a wasan farko fa? Ɗaya tak, sai baɗi. Sauran wata tara ana ta bakwai-bakwai a lungu da duwatsu biyu a matsayin raga. Wannan yana koya ma yaro yanka da riƙe balo, shi ya sa yaranmu ƙafarsu ke da daɗi, amma ka sa shi babban fili sha ɗaya da sha ɗaya sai ka ga ya ɓace, bai san inda zai tsaya ba in balo ba ta wajenshi, bai san satar gida ba, minti 25 numfashi ya ƙare.

Amfanin gasa mai tafiya sati-sati ke nan, irin wadda ake tara maki. An ci ka ranar Asabar, ka zo Talata mu gyara abin da ya ɓaci, Asabar mai zuwa ka sake gwadawa. A gasar sili-ɗaya-ƙwale koci ba ya sa ƙaramin yaro don tsoron a fidda shi, sai ya nemo ƙato mai gemun da aka aske da safe. Amma in akwai wasa 20 gabanka za ka iya haƙuri da ɗan ƙaramin da ya fi kowa kai, ko da ana ture shi.

Na biyu lasisi, kuma nan ne mutanenmu ba su gane ba. Yaro in yana buga gasa ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar balo ta ƙasa, ana rubuta sunanshi da ranar haihuwarshi da kulob ɗinshi, wannan rubutun shi ke bin shi har ya tsufa. A tsarin FIFA duk ɗan wasan da aka saida daga ƙasa zuwa ƙasa ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba ma kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Bari in yi maka misali, a ce an saida yaro Yuro miliyan 1, wajen sefa miliyan 655 ke nan. Kulob ɗin da ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 yana da kashi 1 cikin 100, sama da miliyan 6 da rabi. Ka san balo nawa da kirampon nawa ke cikin wannan kuɗi? Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin sawun kuɗin nan yana biya kai tsaye. Amma in ba a taɓa yi ma yaro lasisi da sunan kulob ɗinka ba, ko kai ka koya mishi tafiya ba ka da ko tamma. Mu nan haka muke wahalar banza, mu rene su wani ya zo da mota ya kwashe.

Matsalar ƙasarmu faɗi. Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900, yini guda cur cikin kar, wa zai ɗauki yara 18 ƴan lakwal ya kai su ya dawo da su duk sati biyu? Manyan kulob ma kuɗin hanya ke karya su. Ni a ganina gasar ƙasa ta yara daga ƙasa za ta taso, unguwannin Damagaram su yi tasu shekara cur, Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure kowa ya yi tashi, zakarun su haɗu a fidda na jiha, mu kara da Maraɗi da Difa, sai a ƙarshe a yi haɗuwar ƙasa sau ɗaya lokacin hutu. Wadda za a tara yara sati ɗaya a ɗauki hoto da manya a raba mayo a watse, wannan biki ne.

Ɗan_Fada_Zango

Koci ka yi magana mai kyau amma ka san a Nijar muke ko? hhhh. Wa zai biya alƙalan wasa duk Asabar, kai? Ka duba Super Ligue kanta, gasar manyan kulob na ƙasa, su wa ke cin kofi, AS FAN, AS GNN, Duwan, Police, jandarma, Nigelec, duk masu albashi a bayansu kuma duk a Yamai. Mu rabonmu da kofin nan tun Espoir ta Damagaram a 1984, lokacin babana ma bai yi aure ba. Da aka kawo kofin Afirka na ƴan ƙasa da 20 a 2019 Yamai da Maraɗi aka ba, mu muka kalla a tele. Mena, ekip ɗin ƙasa, da kanta sai da ta koma karɓar baƙi a Maroko, ita da ke babbar yaya, balle minim na Garin Malam.

Ni dai Kawu gaskiya zan faɗa maka, jika 600 kar ka bada wannan ɗan damfara ne ko makaho ya gani. Amma zancen rage shekara kowa na yi, in kai ba ka yi ba wanda ɗanka zai kara da shi ya yi, sai a kawo mishi ɗan 19 a ce kade ne ya karya shi a banza. Kuma in ana son a gan shi Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, ta Matamai da Daura ka isa, can akwai makarantun balo birjik ga Ramat Cup da suke yi ta yara duk shekara. Ni da ɗana ne can zan tura shi wajen dangi.

Tsohon_Lamba6

Ɗan Fada ƙanena, wannan "kowa na yi" ɗin ni ya kashe, bari in ba ka labari tunda ni aka yi ma.

Ina da 19 aka maida ni 15. Ban ma san ranar da aka yi takardar ba, kawai an miƙo mini an ce ka haddace wannan. Shekara biyu ina sarki a fili, duk wanda ya zo kusa in sa mishi kafaɗa ya faɗi, ƴan kallo na ihu ana cewa yaron nan sai Turai. Ashe ba iyawa ba ce, ƙarfi ne na babba cikin yara, kuma saboda ƙarfin yana isata ban koyi komai ba, ban koyi ɗaga kai kafin balo ta zo ba, ban koyi ƙafar hagu ba, me zai sa in koya? Ranar da aka haɗa ni da sa'o'ina na gaskiya sai na zama kamar kowa, ƙasa da kowa ma. A takarda ina 22 gwiwa ta tafi, a wajen Allah ina 26, ba birebe ba sana'a. Yanzu kabu-kabu nake yi, alhamdu lillahi ina ci da iyalina, amma akwai wani yaro da ke zaman benci saboda ni lokacin, ɗan 15 na gaskiya, siriri, wallahi ya fi ni balo sau goma. Ya gaji ya bari. Har yau in na ɗauko fasinja na wuce ta gaban shagonshi a kasuwar Dole sai na ji wani iri.

Kuma yanzu zamani ya wuce wurin. Tun 2009 FIFA ta fara sa yara ƴan ƙasa da 17 cikin na'urar MRI a duba ƙashin wuyan hannu, in ya gama haɗewa an fidda ka ko takardarka ta ce jiya aka haife ka. Kun manta 2016? Najeriya na riƙe da kofin duniya na kade, ta ci 2013 ta ci 2015, aka yi musu gwajin nan yara sama da ashirin suka faɗi ana gab da wasa da mu. Suka ci mu 1-0 a Abuja muka rama 3-1 a Yamai muka fidda su. Daga nan yaranmu suka je Gabon 2017 suka kai kusa da ƙarshe, suka samu tikitin kofin duniya a Indiya, karo na farko a tarihinmu. Mun ci Koriya ta Arewa 1-0, Spain ta ba mu 4, Brazil ta ba mu 2, duk da haka muka tsallake rukuni sai Ghana ta tsaida mu 2-0. Ranar wasan Koriya a fadarmu har shayi ya ƙone a kan wuta ba wanda ya kula.

To abin tambaya, cikin ƴan Spain ɗin da suka ci mu akwai Ferran Torres, kowa ya ga inda ya kai, Manchester City, Barsa. Shi da ya koma gida wasa na jiranshi duk sati a Valencia. Namu da suka dawo me ke jiransu? Nan ne zancen Koci yake. Haka 2015 da aka yi kofin Afirka na kade a Yamai, Osimhen a gabanmu ya buga yana yaro. Ba baiwa muka rasa ba.

Senegal da ake ta misali da ita ba tsafi suka yi ba, Génération Foot ta ƙulla da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya bi, da Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr, Diambars ta fidda Idrissa Gueye, yaran na karatu suna buga gasa ta cikin gida kafin su fita. Cikin 2022 da 2023 suka kwashe kofin Afirka na manya da CHAN na masu buga wasa a cikin gida da na ƴan 20 da na ƴan 17. Mu ma namu da suka fita ta ƙofa suka fita, Maazou daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008 sannan CSKA Moscow, Amadou Moutari daga Akokana ta Arlit. Arlit fa, ta fi mu nisa da komai. Ba wanda uwarshi ta saida keken ɗinki.

Madam_CEG

Salamu alaikum. Ni ba ƴar balo ba ce, malamar makaranta ce, amma "ya daina buɗe kaye" ɗin nan ya sa na kasa wucewa. Malam, katiriyem fa, baɗi turwaziyem ga birebe. In kuka taɓa takardar haihuwarshi kun taɓa dosiyenshi na jarabawa, suna ɗaya ranar haihuwa biyu, mu muke ganin iyaye suna safa da marwa tsakanin makaranta da kotu ana gab da rufe rajista. Dama can rabin ajina 1 ga Janairu aka haife su a takarda saboda jijma aka yi musu daga baya da ƙiyasi, to wanda Allah Ya sa yana da takarda ta gaskiya tun daga likita kuma a je a ɓata ta da hannu?

Shawarata ga su Koci, in za a yi gasar nan a ɗaura ta a jikin makarantu. Mu ke da rajistar yara tun daga CI, mun san wanda ya shigo wace shekara, ƙato ba ya iya ɓuya cikin ƴan siziyem. Fili ma mafi yawa na makaranta ne. CAF, hukumar balo ta Afirka, ta fara gasar makarantu ta Afirka tun 2022, maza da mata, ke nan hanyar a buɗe take. Kuma a sa sharaɗi, wanda bai zuwa aji ba ya buga wasa, za ku sha mamakin yadda yaro zai riƙe kaye. Sai dai a duba lokaci don Allah, watan Afrilu da Mayu a garin nan ba a sa yaro gudu da ƙarfe uku na rana, ga ƙarancin ruwan da kowa ya sani, wasu yaran ma da asuba sai sun yi layin famfo kafin su zo aji ba su karya ba. Daga Nuwamba zuwa Maris lokacin sanyi ya isa a yi wasanni da yawa.

Ɗan Fada da ke cewa ba za a iya ba, kokowa fa? Tun 1975 da aka fara a Tawa ake yin takobi, jiha takwas kowace ta kawo ƴan kokowa goma, kuma kafin nan sai an yi zaɓe tun daga ƙauyuka. Ƙasar ba ta rage faɗi ba don kokowa ce.

Koci_GarinMalam

Madam Allah Ya saka, zancen rajistar makaranta ya fi MRI arha kuma ya fi shi kusa. Abu ɗaya kawai, kar a manta da yaran da ba su lakwal, almajirai da masu tura ruwa da yaran gareji, wallahi mai tsaron ragata mafi kyau a gareji yake, sai a nemo musu hanya su ma.

Ɗan Fada, alƙali ba ya gagara. Mu kulob shida muka taɓa haɗa kai a nan kowa na zuba abin da ya samu duk sati, muka yi wata huɗu muna bugawa gida da waje, ba kofi ba komai sai allo da muke rubuta maki da alli a bangon wani shago. Abin da ya kashe ta ba kuɗi ba ne, wani ne ya kawo ƙatti uku ranar da zai kara da na ɗaya, aka yi rigima har da jifa, iyaye suka janye yaransu. Shi ya sa nake son hukuma a ciki, don a samu mai cewa a'a da hatimi. Kano kuma ban hana ba, amma ka tuna ita ma wata ƙasa ce a wajen FIFA ko da kakarka na Fagge, dokar 18 ɗin nan na nan, kuma yaro ɗan 14 a gidan dangi ba mai duba karatunshi ni ban ba da shawara ba.

Malam Kawu, ka kawo shi in gan shi. Muna antirenma Talata da Alhamis bayan la'asar. Ban yi maka alkawarin Turai ba, ban ma yi maka na Yamai ba, zan dai sa shi cikin sa'o'inshi a babban fili mu ga ko hagun nan na aiki in an matse shi. Ya zo da takardar haihuwarshi ta asali da hoto biyu da bultin ɗinshi na makaranta.

Kawun_Yaro_Birni

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Mutumin ya dawo ɗazu da hantsi, na ce mishi ya kawo takardar kulob da lasisinshi mu kai ligi, sai ya ce ai shi harkarshi ta amana ce ba ta takarda ba, daga 600 ya sauko 400 ya sauko 250 a tsaye a zaure, da ya ga ban motsa ba ya ce akwai wani yaro a Karkada da iyayenshi suka fi mu son ci gaba, ya hau babur. Don Allah ƴan Karkada ku faɗa ma juna.

Yaya ta yi fushi da ni ba ta amsa gaisuwata ba, amma na karanta mata abin da Tsohon Lamba 6 ya rubuta tun daga farko har wajen shagon kasuwar Dole, ta yi shiru, keke dai na nan ba a saida ba. Shi kuma gogan yana ɗaki ya ƙi cin tuwo.

Koci Alhamis in sha Allahu muna tafe. Bultin ɗin ne dai kar ka yi dariya, lissafi 6 bisa 20. Kuma kirampon dole ne ko ya zo da na robar tukuna?